Ranar da malami ya yi karatu, ɗalibansa suka tsaya shiru: yadda tsaron kwamfuta ya shigo jami'a

 Kamar kullum, ga shi a rubuce saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Tambayar da ta fi yi mini yawa a 'yan kwanakin nan ita ce: na gama digirin farko a kwamfuta, ko lissafi, ko injiniya, shin in tafi mastas a tsaron intanet? Kuma me za a koya mini a can wanda babu shi a YouTube? To, yau da tarihi zan amsa. A shekarun 1970 babu jami'ar da ke ba da digiri a wannan fanni, kai har rubuta takarda a kansa sai da ya sa aka yi wa wasu barazana da kotu. Waɗanda suka jawo shi cikin aji kuwa, da yawansu ɗalibai ne masu karatun digiri na biyu da na uku. Wasu sun shigo da sallama, wasu sun haura katanga. Bambancin waɗannan biyun shi ne abin da nake so mu riƙe har ƙarshen shirin.

Bari mu fara daga lokacin da abin yake hannun sojoji. Bayan yaƙin duniya na biyu, ilimin ɓoye saƙo ya zama kayan gwamnati. A Amurka hukumar leƙen asiri ta NSA, wadda aka kafa a 1952, ita ke riƙe da shi. A Birtaniya kuma GCHQ. In kai gwanin lissafi ne kana sha'awar harkar, sai dai ka shiga aiki wurinsu, ka yi rantsuwa, ka kama bakinka. Ko babban rahoton farko kan tsaron kwamfuta, wanda Willis Ware ya jagoranci rubuta wa ma'aikatar tsaron Amurka a 1970, sirri aka mai da shi, sai a 1975 aka sake shi.

Ga misalin yadda shirun ya kai. A 1973 wani matashi mai suna Clifford Cocks, ma'aikacin GCHQ, ya gano wata dabarar lissafi da daga baya za ta zama ginshiƙin kasuwancin intanet. Ba a yarda ya faɗa wa duniya ba sai a watan Disamba na 1997. James Ellis, wanda ya fara kawo tunanin a ofishin nasu, ya rasu 'yan makonni kafin a bayyana.

To ana nan, a 1974, wani ɗalibi a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Ralph Merkle, ya kai wa malaminsa shawarar aikin da yake so ya yi. Ya ce yana so ya nuna cewa mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su iya ƙulla sirri tsakaninsu ko da wani na sauraren duk abin da suke faɗa. Malamin bai karɓa ba, Merkle ya bar kwas ɗin, amma bai bar tunanin ba. A Stanford kuma, Farfesa Martin Hellman da Whitfield Diffie suna ta fama da matsala iri ɗaya. A watan Nuwamban 1976 suka wallafa takardar da ta buɗe wa kowa ƙofar.

Ga yadda za ka gane abin a sauƙaƙe. A da, in zan aiko maka da akwati a kulle, dole sai mun fara haɗuwa na ba ka makulli. Sabon tunanin shi ne: ka raba wa duk duniya buɗaɗɗen kwaɗo, ka riƙe makullin kai kaɗai. Duk mai son aiko maka da saƙo ya sa a akwati, ya danna kwaɗonka, shi ke nan, ko shi da ya kulle ba zai iya buɗewa ba. A 1977 wasu malamai uku a MIT, Rivest da Shamir da Adleman, suka fito da lissafin da ke yin wannan aikin. Shi ake kira RSA, kuma kusan shi ne abin da Cocks ya gano a ɓoye shekara huɗu kafin nan.

Nan fa aka taɓa wa masu abu abinsu. A tsakiyar 1977 wani mutum mai suna Joseph Meyer ya rubuta wa ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE wasiƙa, yana gargaɗin cewa gabatar da irin wannan bincike a taron da baƙi 'yan wasu ƙasashe za su halarta na iya zama karya dokar fitar da makamai daga Amurka. E, makamai. A idon dokar wancan lokacin, dabarar ɓoye saƙo tana cikin jerin kayan yaƙi. Da 'yan jarida suka bincika, sai ga shi Meyer ma'aikacin NSA ne, kodayake hukumar ta ce da kansa ya rubuta.

Taron kuwa an shirya shi a jami'ar Cornell a watan Oktoba, kuma ɗaliban Hellman biyu, Merkle wanda ya dawo Stanford neman digirin digirgir, da Stephen Pohlig, su ne za su gabatar da takardu. Hellman ya je wurin lauyan jami'a. Lauyan ya nuna masa cewa shi farfesa ne mai kujera, jami'a za ta tsaya masa, amma ɗalibin da bai ma fara aiki ba, shari'ar shekaru za ta iya kashe masa gaba. Sai aka yi dabara. Ranar taro Hellman ya hau mumbari ya karanta takardun da bakinsa, ɗaliban suka tsaya a gefensa ba su ce uffan ba, don kowa ya san aikin nasu ne. Ba a kama kowa ba. Tun daga nan aka san cewa za a iya yin wannan ilimi a fili.

Wannan ɓangaren kulle ƙofa kenan. Sai ɓangaren fasa ta.

A watan Nuwamban 1983 wani ɗalibin digiri na uku a jami'ar Kudancin Kalifoniya, Fred Cohen, ya rubuta wata 'yar manhaja da ke liƙa kanta a jikin wasu manhajoji, duk wanda ya buɗe ɗaya sai ta bi ta kama na gaba. Malaminsa shi ne Adleman, wancan na RSA, kuma shi ya raɗa wa abin suna bairos, saboda yadda yake yaɗuwa kamar ƙwayar cuta. Abin lura a nan, Cohen sai da ya nemi izinin masu kula da kwamfutar kafin ya gwada. Sau biyar ya yi gwajin, kuma kowane karo, cikin ƙasa da awa ɗaya, bairos ɗin ya ba shi cikakken iko da injin. Da ya gama ya share abinsa. Masu kwamfutar da suka ga sakamakon sai tsoro ya kama su, suka hana ƙarin gwaji. Cohen bai saci hanya ya ci gaba ba. Ya koma ya rubuta takarda a 1984, a ciki har ya tabbatar da lissafi cewa ba za a taɓa samun manhajar da za ta gane kowane bairos ba tare da kuskure ba. Duk mai sayar maka da maganin bairos yana cewa babu abin da zai wuce shi, to an ƙaryata shi tun 1984.

Ku riƙe sunan Cohen, ga na biyun nan tafe.

Daren 2 ga Nuwamba, 1988. Robert Tappan Morris, ɗan shekara 22, ya gama Harvard, yana zangon farko na karatun gaba da digiri a Cornell. Mahaifinsa babban masanin kimiyya ne a cibiyar tsaron kwamfuta ta NSA. Yaro ne da ya tashi cikin harkar. Ya rubuta manhajar da ke tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta da kanta, ba sai wani ya buɗe komai ba, irin wadda ake kira tsutsa. Ya sake ta ta wata kwamfutar MIT don kada a gane daga Cornell ta fito. Bai tambayi kowa ba.

Ta ina take shiga? Ƙofofi da yawa. Akwai wata kafa da aka manta a buɗe cikin manhajar aika imel. Akwai amanar da kwamfutoci ke yi wa juna, wato in ka shiga wannan, waccan ba ta ƙara tambayarka. Akwai kalmomin sirri masu rauni, domin tsutsar na ɗauke da jerin kalmomi 432 da take gwadawa. Sai kuma wadda ta fi shahara, ku saurara da kyau. Wata manhaja mai suna finger ta ware wuri mai cin harafi 512 don tambayar da za a aiko mata, amma ba ta duba tsawon abin da aka aiko. Tsutsar sai ta aika 536. Kamar ka zuba gero a mudu ya cika ya zubo, sai dai a nan abin da ya zubo ya hau kan wurin da kwamfutar ta ajiye adireshin umarnin da za ta bi na gaba. Wanda ya tsara ragowar da kyau, shi ke gaya wa injin inda zai nufa.

Morris bai sa tsutsar ta goge komai ba. Abin da ya kashe shi wani ɗan lissafi ne. Ya sa ta riƙa tambayar kwamfuta ko akwai 'yar'uwarta a ciki, amma don kada a yaudare ta da amsar ƙarya, sai ya ce sau ɗaya cikin bakwai ta zauna ko da an ce akwai. Ɗaya cikin bakwai ya yi yawa ƙwarai. Kwamfutoci suka cika da kwafi a kan kwafi har suka kasa motsi. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kwamfuta kusan 6,000 cikin kusan 60,000 da ke kan intanet a lokacin. Jami'o'i da cibiyoyin bincike na gwamnati suka riƙa cire kansu daga layi, wanda hakan ya sa ko saƙon yadda za a magance abin ya kasa isa da wuri.

Su wa suka kwana suna warware ta? Ma'aikata da ɗalibai a Berkeley da MIT da Purdue. Babu wanda ya ba su asalin rubutun manhajar, sai da suka bi yaren injin layi-layi suka maido shi abin da mutum zai iya karantawa. Wannan aikin, na kwance manhaja don a ga cikinta, yau darasi ne mai zaman kansa a duk mastas ɗin da ya amsa sunansa.

Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. A 1990 kotu ta sami Morris da laifi ƙarƙashin dokar hana kutse ta Amurka ta 1986. Aka sa shi ƙarƙashin sa ido na shekara uku, da aikin al'umma na awa 400, da tarar dala 10,050. Ya ce ba ɓarna ya nufa ba, kotu ta ce abin da doka ta duba shi ne ya shiga ba da izini ba. Daga baya ya gama digirin digirgir a Harvard a 1999, ya zama farfesa a MIT, wato wurin da ya saki tsutsar. Amma kada wani ya ɗauki wannan a matsayin lasisi. Shi ya faɗo a zamanin da dokar ke jaririya, kuma ba kowa ke da irin bayan da yake da shi ba.

To kun ga mutum biyu. Basira ɗaya, shekara biyar tsakani, duka ɗalibai. Ɗaya ya fito da digiri, ɗaya ya fito da hukuncin kotu. Abin da ya raba su izini ne.

Tsutsar Morris ta farkar da kowa. Cikin watan nan na Nuwamba, hukumar binciken soja ta DARPA ta sa aka kafa cibiyar ɗaukin gaggawa ta kwamfuta, CERT, a jami'ar Carnegie Mellon. Eugene Spafford na Purdue, wanda ya rubuta ɗaya daga cikin manyan nazarce-nazarcen tsutsar, ya kafa ɗakin bincike kan tsaro a farkon shekarun 1990, wanda ya girma ya zama cibiyar CERIAS a 1998. A Ingila kuma, a kwalejin Royal Holloway ta jami'ar Landan, Farfesa Fred Piper da abokan aikinsa, waɗanda asalinsu malaman lissafi ne, suka kafa rukunin tsaron bayanai a 1990. A 1992 suka buɗe mastas a fannin, wanda ake lissafa shi a matsayin na farko irinsa a duniya. Ku duba fa, wannan digirin da kuke tambayata a kai bai girmi iyayen da yawa daga cikinku ba, ƙaninsu ne ma.

Amma rigima da gwamnati ba ta ƙare ba. A 1995 wani ɗalibin digirin digirgir a lissafi a Berkeley, Daniel Bernstein, ya maka gwamnatin Amurka a kotu. Ya ƙirƙiro dabarar ɓoye saƙo, aka ce ba zai wallafa ba sai da lasisin fitar da makamai. A 1996 alƙaliya Marilyn Patel ta yanke cewa rubutun manhaja magana ce, kuma tsarin mulki ya kare 'yancin magana. Zuwa shekarar 2000 gwamnati ta sassauta dokokin sosai. Wannan Bernstein ɗin shi ya fito da lissafin Curve25519, wanda Signal da WhatsApp ke amfani da shi wajen kulle saƙonni. Wato duk sanda ka aika wa wani saƙo a WhatsApp, kana cin moriyar taurin kan wani ɗalibi.

Kun tuna mudun nan da ya zubo? A 1996 wani da ke kiran kansa Aleph One ya rubuta cikakken bayanin yadda ake yin wannan harin a mujallar 'yan dandatsa ta Phrack. Shekara biyu bayan haka, a 1998, Crispin Cowan da abokan bincikensa a wata cibiyar karatun gaba da digiri a jihar Oregon suka fito da StackGuard. Dabarar ita ce a ajiye wata lamba ta musamman tsakanin mudun da adireshin, kamar ka barbaɗa toka a bakin ƙofa. Kafin injin ya bi adireshin sai ya duba tokar, in an taka sai ya tsaya. Irin wannan kariya tana cikin manhajojin da ke wayarka a yau. Haka fannin yake tafiya, wani ya nuna ɓaraka, wani ya ɗinke, kuma ba mai iya ɗinkewa sai wanda ya san yadda aka yage.

Daga ƙarshe hukumomin da suka so rufe ƙofar su ne suka dawo suna neman ɗalibai. A 1999 NSA ta fara ba jami'o'i shaidar ƙwarewa a wannan karatu, ta fara da guda bakwai. A 2014 GCHQ ta fara tantance kwasa-kwasan mastas a Birtaniya tana sa musu hatiminta. Hukumar da ma'aikacinta ya rubuta wasiƙar barazana a 1977, ga ta tana raba wa jami'o'i lambar yabo.

Misalai biyu na kusa-kusa, don kada a ce labarin izini tsohon zance ne. A ƙarshen 2017 masu bincike a jami'ar fasaha ta Graz da ke Ostiriya, har da ɗaliban digirin digirgir, suna cikin waɗanda suka gano cewa ana iya satar bayanai daga cikin ƙwaƙwalwar injin kanta, raunin da aka sa wa suna Meltdown. Suka sanar da kamfanin Intel, suka yi shiru har aka bayyana a watan Janairun 2018. A gefe guda kuma, wasu masu bincike a jami'ar Minnesota suka aika wa masu kula da Linux gyare-gyare masu ɓoyayyen lahani, don su gwada ko za a gane, ba tare da sun gaya musu ba. Da abin ya fito, a watan Afrilun 2021 aka dakatar da karɓar gudummawa daga jami'ar baki ɗaya, aka bi ayyukansu na baya ana sake dubawa, su kuma suka janye takardar suka ba da haƙuri. Cohen da Morris ne dai suka sake dawowa da wasu sunaye.

To me wannan tarihi ke gaya wa mai shirin neman gurbi? Abu na farko, duk waɗanda na ambata ba da manhajar kutse da wani ya haɗa suka yi suna ba. Sun san abin da ke ƙarƙashi: yadda injin ke ajiye bayanai, yadda kwamfutoci ke magana da juna, da lissafin da ke bayan makulli. Don haka in ka ga tallar mastas, a gida ko a waje, buɗe jerin darussan. Akwai yaren C da yaren injin? Akwai lissafin ɓoye saƙo, da kwance manhaja, da binciken sawun masu kutse? Akwai ɗakin gwaji da aka killace, inda za ka fasa abu ba ka cuci kowa ba? Malamin da zai duba kundinka, me ya wallafa? Akwai wani mastas ɗin da ya fi karkata ga dokoki da shugabanci da auna haɗari. Shi ma karatu ne mai amfani, amma wani layi ne daban, ka san wanda kake biyan kuɗinsa. Kuma in lissafi da rubuta manhaja na ba ka tsoro, fara gyara wannan tun yanzu, don a can ba za a jira ka ba.

Abu na biyu ya fi na farko nauyi. YouTube zai iya nuna maka yadda ake buɗe ƙofa. Abin da jami'a ta gina cikin shekarun nan shi ne tsarin da zai sa ka buɗe ta da rana tsaka, da sunanka, da takardar izini, da malamin da zai tsaya a gefenka kamar yadda Hellman ya tsaya wa ɗalibansa. A Najeriya dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri ko tara ga mai kutsawa kwamfutar wani. Don haka shafin makarantarku, ko na bankin da kake ajiya, ko asusun Facebook na abokinka, ba wurin gwaji ba ne, ko da niyyarka ka nuna musu rauninsu. Morris ma ya ce niyyarsa mai kyau ce. Haɗa injinan gwaji a cikin kwamfutarka, shiga gasannin kutse da aka shirya don koyo, in kuma na wani za ka taɓa, a ba ka a rubuce.

Banki ko asibiti da zai ɗauke ka aiki, makullin gidansa gaba ɗaya zai danƙa maka. Zai so ya san ka iya, amma kafin nan zai so ya san ko kai mai amana ne.

A nan za mu dakata. Wanda ke da ƙani ko ƙanwa mai sha'awar wannan layi, ya tura masa ya karanta. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.